Gwanintar Zaɓen Taga a Kalkuleta

Tun 1985, da kamfanin Casio na Japan ya fitar da fx-7000G, kalkuleta ta iya zana lissafi a ɗan allonta. Yau ko wayar hannu mai manhajar GeoGebra tana yi. Sai dai na'urar ba ta nuna zanen dukansa, yanki kawai take nunawa, kamar mai leƙe ta kafar zana. Wannan yankin shi ne taga, kuma a wurin zaɓensa ake gane gwani.

Mu ɗauki Abu Hujar, a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinja a jihar Sinnar ta Sudan, yankin da Hausawa suka daɗe suna noman lambu a gaɓar kogi. A ce manomi yana da wayar shinge mita 200, zai kewaye lambu mai kusurwa huɗu, kogi ya tsare masa gefe guda. In faɗi ya zama x, tsawo zai zama 200 − 2x, girman fili kuwa y = x(200 − 2x).

Ɗalibi mai garaje zai shigar da wannan ya danna kawai. Tagar da kalkuletocin kamfanin TI suka saba buɗewa daga −10 zuwa 10 take ta kowane ɓangare, don haka abin da zai gani layi ne tsaye cak, da ƙyar ake raba shi da layin y. Sai ya ce na'ura ta lalace.

Gwani kuwa ajiye kalkuletar yake yi tukuna. Faɗi ba ya gaza sifili, in kuma ya kai 100 waya ta ƙare, babu tsawo. Shi ke nan, iyakokin taga a kwance: Xmin 0, Xmax 100. Ƙololuwa tana tsakiyar waɗannan biyun, a kan 50, kuma 50 sau 100 dubu biyar ne, sai ya sa Ymax 6,000 don zanen ya sami sarari a sama, Ymin −500 don rubutun ƙasan allo kada ya rufe gindinsa. Har tazarar alamomi yana gyarawa, 10 a kwance, 1,000 a tsaye, domin in ya bar ta a 1 za su cunkushe su zama baƙin layi. Da ya danna, sai zanen ya fito a lanƙwashe, cif da allo.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da tagar kirki take tonawa. Murabba'in mita 5,000 ya zarce fadan guda, ma'aunin gona a Sudan, wanda yake 4,200. Kan zanen kuma a baje yake: ko faɗi ya zama 45 ko 55, girman 4,950 ne. Ashe in itace ko kwari ya hana manomi auna 50 daidai, asararsa ba ta taka kara ta karya ba.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya cinye wa yaran Sudan karatu mai yawa, kuma ba kowane aji ke da na'ura ba. Wannan gwaninta kuwa alli da allo sun ishe ta. Malamai, kafin yaro ya taɓa maɓalli, ku sa ya faɗi tagarsa da baki, ya kuma kawo dalili.