Gambarar Zamani a Kudancin Kogi

Da yamma a Unguwar Boro, daga shagon aski zuwa na cajin waya, kiɗa ɗaya ne ke tashi: ganga mai nauyi, sai matashi yana zubo magana a kanta ba numfashi. Dattijon da ke wucewa zai ce surutu ne, mai askin kuma ya ce waƙa ce. An daɗe ana wannan gardama a Kaduna, kuma a ganina ana haɗa tambayoyi biyu wuri guda: shin abin da yaran ke faɗa ya dace, da kuma shin sun iya faɗarsa.

Asalin hip-hop sananne ne. A unguwar Bronx ta birnin New York ya tsiro a 1973, a wajen casun da DJ Kool Herc ya haɗa. Ya iso Najeriya da rigarsa ta Amurka, har su Eedris Abdulkareem, wanda Kano ta raina, suka juya shi zuwa Turancin Buroka. Waƙarsa ta Jaga Jaga ta 2004 ta ɓata wa Shugaba Obasanjo rai. Amma Bahaushe da ya ji salon bai ɗauke shi baƙo ba, sai ya raɗa masa suna gambara. 'Yan gambara na da can suna yawo kasuwa-kasuwa, suna jero magana kan kiɗa, da zambo da barkwanci da batsa, kuma ba a taɓa ba su kujerar da ake ba makaɗan fada ba. Sunan ya zo da gadonsa, wato raini da jin daɗi a lokaci guda.

Masu suka ta fuskar tarbiyya suna da hujja. Akwai waƙoƙin da babu komai cikinsu sai kuɗi, mata da kwalba. Sai dai hukuma ba kullum batsa take bi ba. A 2009 wata kotun tafi-da-gidanka a Kano ta haramta waƙoƙi 11, ciki har da Girgiza Kai ta Nazir Hausawa, wato Ziriums, wadda laifinta shi ne taɓa masu tace fina-finai. Zambo kuwa tsohuwar sana'a ce. Shata ya yi shi, kuma ba wanda ya ce don haka Shata ba mawaƙi ba ne.

Tambaya ta biyu ce ta fi ba ni sha'awa, domin nan ne harshe ke yanke hukunci. Hausa tana da karin sauti, tana da dogon wasali da gajere. Kiɗan da aka gina don Ingilishi bai san da wannan ba. Rago yakan danne kalma don ta shiga kiɗa, ya gajarta dogo, ya ɗaga inda ya kamata ya sauke, har kunnen Bahaushe ya rasa gane ko fari ake nufi ko fāri. Gwani kuwa yakan zaɓi kalmomin da nauyinsu ya faɗa daidai kan ganga, ya sa amsa-amo a tsakiyar layi, ya bar kalma ɗaya ta ɗauki ma'ana biyu. Wannan aikin da Aƙilu Aliyu ya shahara da shi ne a rubutacciyar waƙa. Ban ce yaran sun kamo ƙafarsa ba, da sauran tafiya. Amma wanda ya saurari ClassiQ, BOC Madaki, ko DJ AB da 'yan YNS na nan Kaduna, zai ji cewa ma'aunin ɗaya ne, wasu baitoci suna ciki, wasu suna zubewa.

Unguwar Boro ta ƙara wa zancen wani gishiri. Tun bayan rikicin 2000 da na 2002 garin ya rabu, Kirista suka fi taruwa kudu da kogi, Musulmi arewa. A nan Bajju da Atyap da Adara da Gbagyi da Ham suke, kuma Hausa ce harshen da ke haɗa su a kasuwa da coci. Hausar tasu ba ta damu da bambanta "ya" da "ta" ba, tana cuɗe da Buroka da Ingilishi. Malamin Hausa zai yamutsa fuska. To amma mawaƙin da ya tashi tsakanin Sabon Tasha da Narayi, wanda ubansa ya rasa aiki da masaƙun Kakuri suka rufe, da wace Hausa ake so ya yi waƙa? Da ta Sakkwato? Har a taron matasan coci ana jin gambarar bishara, kuma fastoci ma sun kasu a kanta kamar yadda malamai suka kasu a Tudun Wada.

Akan kawo lambar Pulitzer da mawaƙin hip-hop Kendrick Lamar ya samu a 2018 don rufe bakin masu suka. Ni ba ta gamsar da ni, domin alƙalan ba su jin Hausa. Na fi yarda da mai askin nan, wanda na ga ya dakatar da aska, ya mayar da baiti guda baya sau uku, sannan ya ce wa yaron da ya kawo waƙar ya koma sutudiyo, layi na biyu bai zauna ba.