Maƙeri da Zuga-zugin Aro: Sharhi a kan Ra'ayin Manhaja Mai 'Yanci daga Gaya da Ajingi

Masana tarihin Kano sun ruwaito cewa Abagayawa, watau maƙeran da suka fara zama a gindin Dala, daga Gaya suka taso suna neman tama. Mun fara da wannan ne domin maƙeri shi ne misalin da ya fi dacewa da abin da za mu tattauna a wannan takarda: mutum ne mai ƙera kayan aikinsa da hannunsa, in masaba ta lalace ya gyara, in awartaki bai yi masa ba ya sake wani. Irin wannan iko ne masu ra'ayin manhaja mai 'yanci suke yi wa duk mai riƙe da waya ko kwamfuta alkawari. Nufinmu shi ne mu auna alkawarin da ma'aunin Gaya da Ajingi, ƙananan hukumomi biyu na gabashin Jihar Kano waɗanda yawancin mutanensu manoma ne.

Ra'ayin ya samo asali daga Richard Stallman na Amurka, wanda ya shelanta shirin GNU a 1983. A ganinsa manhaja ba ta cika mai 'yanci ba sai mai amfani da ita ya sami dama huɗu: ya yi aiki da ita yadda ya so, ya nazarci rubutun da aka gina ta da shi har ya sauya, ya raba wa wasu, ya kuma raba abin da ya gyara. Daga baya aka kai ra'ayin fagen dandalin sada zumunta. A 2016 Eugen Rochko na Jamus ya fito da Mastodon, inda babu kamfani ɗaya mai mallakar kowa. Kowace jama'a tana iya kafa uwar garkenta, watau kwamfutar da ke ajiye saƙonninta, sa'an nan ta yi hulɗa da sauran. Da Elon Musk ya sayi Twitter a 2022, mutane da yawa suka yi ƙaura zuwa can.

Lalle ba mu musun cewa akwai gaskiya a cikin kukansu. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, manomin gabashin Kano ya san yadda ake noma gyaɗa a gonarsa a yanke mata farashi a wata ƙasa. Bayanan da waya ke tarawa game da shi, wa ya kira, ina ya kwana, me ya saya, su ma haka ake kwasarsu a sayar da talla da su, ba tare da an yi ciniki da shi ba. A watan Yuli na 2024 hukumar FCCPC ta tarayya ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 bisa yadda yake sarrafa bayanan 'yan Nijeriya. To, ciwon dai sun gano shi. Maganin ne muke da ja a kansa.

Da fari, manhaja mai 'yanci ta daɗe da shiga aljihun Bagaye. Wayoyin Tecno da Itel da Infinix na shafawa, waɗanda suka cika kasuwanninmu, da Android suke aiki, shi kuwa Android a kan Linux aka gina shi, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991 kuma yake buɗe ga kowa. Mene ne wannan ya ƙara wa manomin Ajingi? Damar nazarin rubutun manhaja dama ce ga wanda ya iya Turanci, ya iya harshen kwamfuta, yana kuma da na'ura da wutar da zai zauna ya yi nazarin. Wanda bai da waɗannan, an ba shi maƙera ne babu gawayi, zuga-zugin kuma na aro. Hausawa kuwa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi, kuma shekarar 2021 ta koya mana shi sau biyu. A watan Yuni gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, ba a buɗe shi ba sai Janairun 2022. Masu hali suka bi ta manhajar VPN suka ci gaba da rubutunsu, jami'an gwamnati kuma suka koma Koo, wani dandali na Indiya wanda shi ma ya rufe a 2024. Masu ra'ayin Mastodon suna kafa hujja da wannan, wai da dandalin ba mai cibiya ɗaya ba ne da ba a iya toshe shi da umarni ɗaya ba. Mun yarda. Amma a watan Satumba na wannan shekarar aka kashe layukan waya a Jihar Zamfara baki ɗaya, da ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, saboda matsalar 'yan bindiga. A nan fa ba VPN, ba Mastodon, ba wata manhaja da ta yi amfani, domin ƙarfen sabis ɗin kansa aka kashe. Ashe cibiyar tana ƙasa da inda suke nemanta: tana wurin ƙarfen, da man da ke tayar da injinsa, da lasisin da hukumar NCC ke bayarwa. Daɗin daɗawa, tun Disambar 2020 aka wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN ta shaidar zama ɗan ƙasa, saboda haka kafin mutum ya buɗe kowace irin manhaja an riga an san ko shi wane ne.

Sai batun sirri, inda muke ganin masu wannan ra'ayi sun fi yin tuntuɓe. Sun ɗauka cewa mai barazana ga sirrin mutum kullum babban kamfani ne mai nisa. A ƙauye abin yakan zo daga kusa. Mutum yana barin wayarsa awa biyu a rumfar mai caji. Yana miƙa ta ga mai tura waƙoƙi da fina-finai ya zuba masa a memori. Dattijon da bai yi boko ba yakan ba yaro ya karanta masa saƙon banki, har ma ya faɗa wa mai POS lambar sirrinsa da baki. Mu ƙaddara an kafa uwar garken Mastodon a garin Gaya. A tsarin manhajar, mai kula da ita yana iya karanta saƙonnin da mutane ke aika wa juna a keɓe, domin ba a kulle su yadda aka kulle na WhatsApp tun 2016 ba. Wane ne zai zama mai kulawar? Wanda ke da sola da kuɗin biyan haya da dala, watau mai kuɗin gari ko yaron ɗan siyasa. Matar aure mai neman shawarar lafiya, ko saurayin da ke sukar shugaban ƙaramar hukuma, ba abin mamaki ba ne su fi sakin jiki da baƙon da bai san gidansu ba. Tsoron kuwa ba na banza ba ne: a Nuwambar 2022 an kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse, nan maƙwabtan Gaya, saboda rubutun da ya yi a Twitter game da uwargidan shugaban ƙasa na lokacin.

Kada a fahimce mu da cewa a yi watsi da manhaja mai 'yanci. Inda ta yi amfani ga talakawa, an haɗa ta ne da mallakar kayan aiki. A garin Talea de Castro na Meksiko, a 2013, mutanen gari da taimakon ƙungiyar Rhizomatica suka kafa nasu ƙarfen waya da irin wannan manhaja, suna biyan ɗan abin da suka yanka wa kansu, har hukuma ta ba irin waɗannan garuruwa lasisi a 2016. A nan Kano cibiyar CITAD ta daɗe tana kira da a ba al'ummomi irin wannan dama. Mutanen da suka san aikin gayya da adashi ba sa bukatar a koya musu mallakar abu tare. Abin da ya rage, kuma muke roƙon malaman Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil su duba, shi ne lissafin: nawa ƙarfe ɗaya da solarsa zai ci a wata gunduma ta Ajingi, wa zai riƙe asusun, wace ƙa'ida kuma za ta hana mai kulawa leƙa saƙon maƙwabcinsa.