Kajiji, ƙamshin da ke kwana a laka

Wanda ya ratsa Kasuwar Gamboru a Maiduguri ya biyo ta wajen masu kayan ƙamshi, hancinsa kan riga idonsa isa. A kwanoni da bakin buhuna zai ga wasu 'yan ƙulle-ƙullen saiwa, baƙi-baƙi da ratsin ja, sun yamutse kamar busasshiyar citta. Kajiji ke nan. Da wuya amaryar Barebari ko ta Shuwa ta tare babu shi a turaren wutarta, amma kaɗan ne cikin masu sayensa suka taɓa ganinsa a tsaye da ransa.

Ciyawar bakin ruwa ce, dangin aya, masana tsirrai na kiranta Cyperus articulatus. Ba ta da wani ganye na a zo a gani. Kara ne kawai, kore shar, a mulmule, yakan haura mita ɗaya. Idan ka ja shi tsakanin yatsu biyu za ka ji gaɓoɓi a ɓoye cikinsa, ɗaki bayan ɗaki. Muddin gindinta na cikin danshi ba ta san rani ba. Lokacin da hunturu ya mayar da sauran ciyayi kalar ƙasa, ita tana nan da korenta.

Na jima ina kallon wani dattijo da ke kula da 'yar fadamarsa a gefen kogin Ngadda, kuma a wurinsa na gane cewa aikin nan ba tono ba ne kawai. Ba ya shuka iri. Tsohon gindi yake fasawa da hannu, ya zaɓi gutsuren da ke da ido biyu ko uku, ya cusa shi cikin laka zurfin ɗan yatsa. Laka mai nauyi yake nema, irin baƙar ƙasar nan da mutanen Borno ke kira firgi, domin rairayi ba ya riƙe ruwa. Gwanintar tana wajen auna ruwan. Idan ya shanye sabon dashe, ruɓewa zai yi kafin ya kama. Idan ƙasa ta tsage, saiwar ta tsaya ƙarama ba mai a jikinta. Shi kuwa da tafin ƙafa yake aunawa. Ya taka, ya dubi yadda ruwa ke taruwa a sawunsa, ya san ko yau za a buɗe 'yar hanyar ruwa ko a toshe ta da dunƙulen laka. Ciyawar kachalla kuma, wadda ta addabi manoman Hadeja da Nguru, ba ya bari ta leƙo kusa, don in ta samu wuri sai ta shaƙe komai.

Haƙa sai ruwa ya ja baya, laka ta yi tauri amma ba ta zama dutse ba. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ya kwashe gindi duka. Yakan ɗauki manyan ƙullen da suka ƙosa, ya mayar da sauran ya danne da diddige. Daga nan a wanke, a tsige gashin saiwar, a shanya a inuwa. Ranar Maiduguri, wadda zafinta kan wuce digiri 40 a watan Afrilu, tana iya zuƙe man da ke riƙe da ƙamshin. Wanda ya yi gaggawar zubawa a buhu da sauran danshi kuwa, fumfuna zai kai kasuwa. Karan ma ba a yar da shi, ana saƙa tabarma da shi.

Sauran aikin na mata ne. Su daka, su haɗa da sandal da hawi, su soya da sukari, su shayar da shi turare, su rufe a kwalba har ya jiƙu. Ranar da aka zuba shi a garwashin kasko aka kifa kabbasa aka baza tufafi a kai, ƙamshin ƙasa mai sanyi ne ke fitowa daga ƙarƙashin duk sauran, kuma shi ke daɗewa a jikin lafaya.

Ba mu kaɗai muka san darajarsa ba. A Brazil, a yankin Belém, ana kiransa priprioca, ana noma shi takanas, kamfanin Natura na tatsar mansa yana yin turare. Mu nan har yanzu yawanci abin da dausayi ya bayar muke tonowa, alhali Tafkin Chadi, da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, ya janye ƙwarai. Shi ya sa nake ganin girman mai dasawa ya mayar.

A ranar 10 ga Satumban 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye Gamboru da kasuwarta, ya kwantar da fadamar dattijon nan gaba ɗaya. Da ruwan ya janye, makonni kaɗan aka yi sai ga tsinkayen kore suna huda sabuwar laka. Na same shi a tsugune yana ware su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, wandonsa a naɗe har gwiwa.