Bawan da Aka Ƙera: Nazarin Wasan R.U.R.

A shekarar 1920 wani marubuci mutumin ƙasar Cek, wai shi Karel Capek, ya rubuta wasan kwaikwayo mai suna R.U.R., aka nuna shi a birnin Prag cikin 1921. Daga nan ne duniya ta sami kalmar robot, watau mutum-mutumi mai aiki da tunani. Asalinta robota, wadda da harshensu ke nufin aikin tilas.

Ga yadda labarin yake. A wani tsibiri akwai ma'aikata inda ake ƙera waɗannan bayi, ba da ƙarfe ba, da wani abu mai kama da nama. Suna da basira, amma ba su san tsoro ko ƙauna ba. Shugaban wurin, Domin, ya yi alkawarin za su raba ɗan Adam da wahala. Aka yi ta saye, har sarakunan duniya suka ba su bindigogi suka mai da su sojoji. Mutane suka bar aiki, haihuwa ma ta tsaya. Bayan shekara 10 sai bayin suka yi tawaye, suka karkashe mutane, ba su bar kowa ba sai magini Alquist, don shi kaɗai ke aiki da hannunsa kamar su.

Labarai da yawa masu irin wannan bala'i sukan mai da na'ura dodo, ta tashi da mugunta ba dalili, mai karatu ya firgita, ya rufe littafi bai ƙaru da kome ba. Capek bai bi wannan hanya ba. Kowace masifa a wasansa da hannun mutum aka ƙulla ta. Kwaɗayin riba ya yawaita bayin, son yaƙi ya koya musu kisa. Har tausayin matar Domin, Helena, ya yi ɓarna: ita ta sa aka gyara halittarsu suka fara jin zafin bauta, ita ta ƙone takardar asirin ƙerarsu. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Amma wasan yana da aibi biyu. Na farko, halakar duniya duka labarinta kawai ake kawo wa shugabanni a ɗaki, mai kallo ba ya ganin ko gida ɗaya na talaka, saboda haka tausayinsa ba ya tashi yadda ya kamata. Na biyu, a ƙarshe Alquist ya ga bayi biyu, namiji da mace, kowa na roƙon a yanka shi a bar ɗan'uwansa, sai ya sallame su su zama tushen sabuwar duniya. Abin da daɗin ji, amma ƙaunar ta zo da gaggawa, ba a yi mata shimfiɗa ba.

Duk da haka wasan ya cancanci karatu, balle yanzu da kwamfuta ke amsa tambaya tana rubuta wasiƙa. Wanda ya sha wuyar koyon karatu da girmansa zai fi kowa gane dalilin da ya sa aka bar magini da ransa: abin da mutum ya iya da hannunsa da kansa, kada ya yarda ya sallama wa bawa dukkansa.