Sharhi a Kan Ra'ayin Sutton, da Abin da Kufai Ba Su Faɗa Ba Tukuna

A cikin shekarar 1979 J. E. G. Sutton ya buga wata maƙala a mujallar Journal of African History, inda ya ce kada a nemi asalin Hausawa a bakin baƙo mahayin doki da ya zo daga Bagadaza. A ganinsa harshen Hausa ya bazu ne daga gabas zuwa yamma, tushensa kuwa yana tsakanin Haɗeja da Daura da Kano. Lalle ya yi aikin kirki, gama ya ɗauke hankalin masana daga fadar sarki ya mai da shi ga manomi da maƙeri.

Amma fa hujjarsa ta harshe ba ta kai ƙarfin da ya ɗora mata ba. Gaskiya ne dangin Hausa na kusa, irin su Bolanci da Angasanci, suna gabas da kudu. Sai dai Hausar yamma ita ta riƙe tsohuwar siga: Basakkwace ya ce sabka da zamna, Bakano ya ce sauka da zauna, kamar yadda Klingenheben ya bayyana tun tuni. Wannan bai rushe maganar Sutton ba, amma ya nuna harshe shi kaɗai ba ya yanke shari'ar.

To, saura ƙasa. Abin mamaki, wuraren da sunansu ke yawo cikin littattafai duk duwatsu ne, ko ganuwa, ko kushewar sarakuna: Dala, inda aka sami alamar narka tama tun wajen ƙarni na 7, Kufena da Turunku, Durɓi Takusheyi, wadda Palmer ya tona a 1907, da Kufan Kanawa ta ƙasar Damagaram, inda Anne Haour ta yi aiki. Ƙasar Kazaure da Ɓaɓura da Roni da Gwiwa kuwa, ga ta kwance daidai tsakanin Daura da Kano, watau a tsakiyar tushen da Sutton ya zana, amma mai karatu ba ya cin karo da sunan Kanya Babba cikin wannan muhawara.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Gidan zana da bukkar kara ba su barin kango; damina ta ci, gara ta ƙarasa, garma ta bi ta kai. Abin da ke saura sai tsingaro, da dutsen niƙa, da kashin maƙera. Duk da haka Graham Connah ya tona tudun Daima a filin firki na Barno a 1965 da 1966, ya sami zaman mutane bisa zaman mutane, zurfin fiye da mita 10, babu dutse babu fada.

Malaman kwalejojin horon malamai suna da ɗalibai daga waɗannan garuruwa. Su sa su rubuto sunan kowane kufai da kowace tsohuwar maƙera daga bakin dattawa, da lafazin wurin, kafin mai tono ya iso.